Whitcomb Judson da Tarihin Ƙirƙiro Zif

Gabatarwa

Kome ƙanƙantar allura, in ji Hausawa, ƙarfe ce. Daga cikin ƙananan na'urorin da suka shiga rayuwar jama'a har aka daina ɗaukarsu a matsayin na'ura, da wuya a sami wadda ta kai zif yaɗuwa. A yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga yake ratsa gonakin alkama da shinkafa da tumatir, manomin da zai fita ban ruwa da asuba cikin hunturu yakan zuge rigar sanyinsa har wuya. Dillalin tumatir yana adana kuɗinsa cikin jaka mai zif, ɗan makaranta ma haka yake yi da littattafansa, telan kasuwa kuwa akwatinsa ba ya rabuwa da zif kala-kala. Duk wanda ya zuge wando ko jaka ya kulle haƙoran ƙarfe ko na roba fiye da 100 cikin daƙiƙa ɗaya, ba tare da ya san ya yi wani aiki ba.

Wannan maƙala za ta kawo tarihin mutumin da ya fara ƙoƙarin kai wannan dabara kasuwa, wato Whitcomb Judson, wani Ba'amurke mai sayar da injunan noma. Abin lura a tarihinsa shi ne ya rasu bai ga zif mai aiki sosai ba. An ba shi takardar shaidar ƙirƙira a shekarar 1893, amma sai a 1913 aka sami zif irin wanda aka sani yau, kuma a hannun wani mutum daban. Sanin abin da ya cinye waɗannan shekaru 20 yana da amfani ga duk mai ƙira, ko a jami'a yake ko a rumfar walda.

Kafin Zuwan Zif

Kowace al'umma tana da hanyar da take rufe sutura a jiki, kuma yanayin ƙasa ne yake tsara ta. Tufafin Hausawa na gargajiya masu yalwa ne saboda zafi. Babbar riga ta kai ake zura ta, wando zariya ce take riƙe shi, zani ɗaurawa ake yi, rawani kuma naɗawa. Garin Kura ya yi suna tun ƙarni na 19 wajen rini da bugu, har baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye suke saye ya ci sunan garin, ana ce masa ɗan Kura, amma duk tsadarsa babu maɓalli ko ɗaya a jikinsa. Saboda haka matsalar da ta haifar da zif ba a ƙasar Hausa ta taso ba.

A ƙasashe masu sanyi kamar Amurka da Ingila, sutura takan kama jiki ne domin ta tsare ɗumi, kuma tufa matsattsiya dole a buɗe ta kafin a shiga, a rufe bayan an shiga. A ƙarshen ƙarni na 19 maza da mata a can suna yayin takalma sau-ciki masu dogon wuya, kowace ƙafa da dogon jerin maɓallai, har sai da wata 'yar ƙugiya ta musamman ake ɓalla su ɗaya bayan ɗaya. Rigunan mata kuwa ƙananan ƙugiyoyi ake jera musu a gadon baya, mace ba ta iya rufe su sai da mai taimaka mata. Sa kaya da safe ya zama aiki mai cin lokaci.

Wanda ya fara yin rajistar wata dabara ta rage wannan wahala shi ne Elias Howe, mutumin da ya sami takardar shaidar ƙirƙiro keken ɗinki a 1846. Takardar shaidar ƙirƙira ita ce wadda hukuma take bai wa wanda ya ƙago wani abu sabo, ta hana kowa kwaikwayonsa ya sayar har tsawon wasu shekaru. A 1851 Howe ya sami irin wannan takarda a kan wasu 'yan ƙarafa da ake jerawa a bakin tufa, a ja su da igiya su haɗe bakin. Dabarar ta fi kama da zariya, kuma bai taɓa kai ta kasuwa ba, domin hankalinsa yana kan keken ɗinki.

Wane Ne Judson?

An haifi Whitcomb Judson a birnin Shikago na jihar Illinois a shekarun 1840. Ya yi aikin soja a ɓangaren Arewa lokacin yaƙin basasar Amurka da ya ɓarke a 1861, ya kuma yi karatu a kwalejin Knox da ke garin Galesburg. A shekarun 1880 yana zaune a birnin Minneapolis, yana yawon tallar kayan aikin gona. Daga cikin abin da yake sayarwa akwai sikelin awon hatsi, da wata na'ura mai yanke igiyar dammunan alkama kafin a zuba su cikin injin sussuka. Kamfanin da yake wa aiki na wani mutum ne mai suna Harry Earle, wanda daga baya ya zama abokin tafiyarsa a harkar ƙirƙira.

Wannan sana'a ta sa Judson ya san injuna ciki da waje, ya kuma saba da jin koke-koken masu amfani da su. Mutum ne mai yawan tunani, wanda a tsawon rayuwarsa ya tara takardun shaidar ƙirƙira kimanin 30. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta bi shi har ƙarshe: in matsala ta taso a na'urarsa, maganinsa shi ne ya ƙara mata wani sabon sashe, har na'urar ta yi sarƙaƙiyar da ba ta ƙeruwa cikin sauƙi.

Jirgin da Iska Take Turawa

Babban burin Judson na farko bai shafi tufafi ba. A wancan zamani biranen Amurka suna neman abin da zai maye gurbin dawakin da suke jan taragun fasinja a kan dogo cikin gari. Wasu injiniyoyi suna gwada igiyar ƙarfe mai gudu a ƙarƙashin titi, wasu suna gwada lantarki. Judson ya zaɓi matsattsiyar iska, wato iskar da aka danna da ƙarfi cikin bututu kamar yadda ake danna ta cikin tayar mota. A tsarinsa, na'urorin da aka binne a ƙarƙashin titi, masu aiki da wannan iska, su ne za su riƙa tura taragon. Ya fara samun takardun shaida a kan wannan tsari a 1889, kuma kusan rabin takardunsa duka a kansa suke.

A 1890 aka shimfiɗa layin gwaji mai tsawon kimanin mil ɗaya a birnin Washinton. Jirgin ya yi tafiya, amma 'yan makonni kawai ya yi aka dakatar da shi saboda yawan matsala, daga baya aka mayar da layin na lantarki. Da yawa daga cikin tsare-tsaren sufurin da aka gina kan matsattsiyar iska a ƙarni na 19 sun yi fama da ciwo guda, wato iska tana sulalewa ta kowace mahaɗa, kuma ƙarfin da aka kashe wajen danna ta yana ɓacewa a hanya. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwa yake raguwa kafin ya isa gonar da take ƙarshen magudana zai gane wannan nan take. Kuɗin masu hannun jari ya tafi, amma Judson ya fita da riba ɗaya: ta wannan hanya aka san shi a cikin masu neman inda za su zuba jari.

Zif na Farko

A watan Nuwamba na 1891 Judson ya miƙa takardar neman rajistar wata na'ura ta rufe takalmi. Ranar 29 ga Agusta, 1893, aka ba shi takardu biyu, masu lamba 504,037 da 504,038. Tsarin ya ƙunshi jerin ƙananan ƙarafa masu kama juna a ɓangarori biyu na bakin takalmi, da wani ɗan ƙarfe mai zamewa da ake ja a kansu. In an ja shi sama sai ya tura ƙarafan su sarƙe, in an komo da shi sai ya raba su. Wannan ɗan ƙarfe mai zamewa shi ne abin da teloli suke kira kan zif a yau, kuma shi ne gudummawar Judson da ta ɗore. Kafin shi, kowane maɓalli da kowace ƙugiya sai an taɓa su da yatsa. Shi ne ya nuna cewa motsi ɗaya yana iya rufe su gaba ɗaya.

A 1894 aka kafa kamfanin Universal Fastener domin ƙera wannan na'ura. Waɗanda suka haɗu a ciki su ne Judson, da Harry Earle, da wani lauya mai suna Kanar Lewis Walker, mutumin garin Meadville a jihar Pennsylvania. Walker bai san aikin ƙarfe ba, amma ya yi imani da dabarar, ya kuma ci gaba da nemo mata kuɗi shekara da shekaru, lokacin da kowa ya yanke ƙauna.

Matsala ta farko da ta bayyana ita ce ta ƙira. Samfurin da aka nuna wa masu jari da hannu aka yi shi, ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da aka yi da hannu haka ya fi ƙarfin aljihun mai sayen takalmi. Judson ya shafe shekaru yana tsara injin da zai riƙa ƙera ƙugiyoyi da madaukansu yana sarƙa su, har ya sami takardar shaida a kansa a 1902. Injin ya ci kuɗi mai yawa, kuma yawan lalacewarsa ya fi yawan aikinsa. Kamfanin ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari, daga Shikago zuwa jihar Ohio, zuwa Pennsylvania, har ya sauka a Hoboken ta jihar New Jersey.

A 1905 aka fito da sabon samfuri mai suna C-curity. A nan Judson ya yi gyara mai muhimmanci, domin ya manne ƙugiyoyi da madaukai a bakin ƙyalle, ta yadda tela zai iya ɗinka shi a jikin tufa da keke. 'Yan talla suka shiga gida-gida suna sayar wa mata domin siket. Amma C-curity yana da aibi mai kunyatarwa. In mai sanye da shi ya sunkuya ko ya zauna, ƙyallen yakan lanƙwashe, ƙugiya ɗaya ta fita daga madaukinta, sauran duka su bi ta, tufa ta buɗe a bainar jama'a. Wani lokaci kuma kan yakan cije, sai an yanke tufar kafin a fita daga ciki. Daɗin daɗawa ƙarfen yana tsatsa, saboda haka dole a farke shi kafin wanki, a sake ɗinkawa bayan an yi guga. Wadda ta saya sau ɗaya ba ta sake saye.

Judson ya koma jihar Michigan, ya mayar da hankalinsa kan ƙere-ƙeren da suka shafi motoci. Ya rasu a garin Muskegon ranar 7 ga Disamba, 1909. Ko kalmar zif bai taɓa ji ba, domin ba a ƙago ta ba tukuna.

Gideon Sundback

Wanda ya warware matsalar shi ne Gideon Sundback, wanda aka haifa a ƙasar Suwidin ranar 24 ga Afrilu, 1880. Ya yi karatun injiniyan lantarki a garin Bingen na ƙasar Jamus, ya gama a 1903, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1905, ya fara aiki da kamfanin Westinghouse a Pittsburgh. A 1906 aka jawo shi zuwa ƙaramar masana'antar Hoboken, inda wani ɗan ƙasarsu, Peter Aronson, yake shugabantar ma'aikata. Sundback ya auri 'yar Aronson mai suna Elvira a 1909.

Da farko shi ma gyaran ƙugiyar ya bi. Ya fito da samfurin da aka kira Plako, wanda ya ɗan fi C-curity amma bai rabu da buɗewa ba. Bayan rasuwar matarsa a 1911 ya duƙufa kan aiki dare da rana, har ya kai ga hukuncin da Judson bai taɓa kaiwa ba, wato ƙugiyar kanta ce cutar, kuma babu gyaran da zai warkar da ita. Gwajinsa na farko marar ƙugiya ya yi amfani da ƙarafa masu cizon bakin ƙyallen da ke ɗaya ɓangaren. Yana rufewa da kyau, amma bayan 'yan kwanaki ƙarfen yakan cinye ƙyallen. Sai ya jefar da shi ya sake sabo.

A watan Disamba na 1913 ya kammala samfurin da aka kira Hookless na 2, wato marar ƙugiya na biyu. Ya nemi rajista a 1914, aka ba shi takarda mai lamba 1,219,881 ranar 20 ga Maris, 1917. A wannan lokaci Walker ya riga ya sake kafa kamfanin a garinsu Meadville. Zif ɗin ƙarfe da ke jikin wandon jins na yau bai bambanta da wannan samfuri ba sai a 'yan ƙananan abubuwa.

Yadda Zif Yake Aiki

Idan mai karatu ya ɗauki tsohon zif na ƙarfe ya dube shi da kyau, zai ga haƙoran ɓangaren dama da na hagu iri ɗaya ne. Kowane haƙori yana da ɗan tudu a samansa da ɗan kwarmi a ƙasansa, kamar cokali ko ƙwarya. In aka jera ƙore wata cikin wata, ba a iya zare ta tsakiya ta gefe, domin ta sama ta zauna a cikinta, ita kuma ta zauna cikin ta ƙasa. Haka haƙoran zif suke. Na dama yana shiga tsakanin biyu na hagu, tudunsa cikin kwarmin na sama, tudun na ƙasa cikin kwarminsa. Ƙugiyar Judson abu ɗaya ne yake riƙe da ita, amma haƙorin Sundback maƙwabta biyu ne suke tsare da shi. Bugu da ƙari, Sundback ya ƙara yawan haƙoran daga kimanin 4 a kowane inci zuwa 10 ko 11, saboda haka ko ƙyallen ya lanƙwashe babu tazarar da haƙori zai samu ya fita.

To, in haƙoran ba sa fita ta gefe, yaya aka yi suka shiga? Amsar tana cikin kan zif. A cikinsa akwai hanya mai siffar harafin Y, ƙofa biyu a gaba, ɗaya a baya. Yayin da ƙyallen yake bi ta lanƙwasar wannan hanya, haƙoran da ke kansa sukan ware kamar yatsun hannu da aka baza, sai tazara ta buɗe tsakaninsu, haƙorin ɗaya ɓangaren ya sami wurin shiga. Da zarar sun wuce lanƙwasar suka miƙe, tazarar ta rufe, sun kulle ke nan. Ba za su sake buɗewa ba sai sun koma ta wannan lanƙwasa.

Ƙarfin da yake yin wannan aiki daga dabarar weji yake fitowa, irin wanda karen mota yake cusawa ƙarƙashin taya, ko bakin gatari da yake tsaga itace. Weji yana karɓar ƙaramin ƙarfi da aka tura gaba, ya mayar da shi babban ƙarfi mai turawa gefe. Wajen rufewa, bangon kan zif na dama da na hagu suna matsowa a hankali suna tura haƙora cikin juna. Wajen buɗewa, wani ɗan ginshiƙi mai tsini da ke tsakiyar kan shi ne yake kutsawa tsakaninsu yana raba su. Shi ya sa yaro ƙarami yake iya zuge jakar da babban mutum ba zai iya ɓalle haƙoranta da hannu ba.

Wannan bayani ya isa ya nuna dalilin lalacewar zif. In aka zuge amma haƙora suka buɗe a baya, yawanci kan ne ya saki baki saboda tsufa, bangonsa ba ya matse su yadda ya kamata. Tela yakan ɗan matse shi da filaya ko ya sake sabon kai, ba sai an farke zif ɗin duka ba. In kuma yana cijewa, ƙurar hunturu ko tsatsa ce ta ƙara gogayya, sai a goge shi a shafa masa kyandir ko bakin fensir. Amma in haƙori ɗaya ya fita daga tsakiya, maƙwabtansa sun rasa abin riƙo, sai dai a sake sabo.

Injin da Ya Sa Abin Ya Yiwu

Da Sundback ya tsaya a kan siffar haƙori kawai, da ya faɗa ramin da Judson ya faɗa. Wani ɗan lissafi zai nuna haka. Zif ɗin wando mai tsawon inci 7, mai haƙora 10 a kowane inci, yana da haƙora 70 a kowane ɓangare, wato 140 gaba ɗaya, kuma lalacewar ɗaya ta isa ta ɓata sauran. A ce injin da yake ƙera su yana kuskure sau ɗaya cikin 100. A ido wannan inji ne mai kyau, amma lissafi ya nuna cewa kusan uku daga cikin kowane zif huɗu da ya fitar za su ƙunshi aƙalla haƙori ɗaya marar kyau. Ko da kuskuren ya ragu zuwa ɗaya cikin 1,000, kimanin 13 cikin 100 za su lalace. Abu mai sassa da yawa da suka dogara da juna yana buƙatar daidaito fiye da yadda hannu ko ido zai iya bayarwa.

Saboda haka Sundback ya ƙera injin da ya dace da haƙorinsa. Injin yana karɓar waya ta musamman mai siffar Y, ya yanko ɗan guntu, ya buga masa tudu da kwarmi, sa'an nan ya matse ƙafafunsa biyu a bakin ƙyalle, ya matsa gaba ya sake, ba tare da ɓarnar ƙarfe ba. Da yake haƙoran dama da na hagu iri ɗaya ne, inji ɗaya ya wadatar, alhali tsarin Judson yana buƙatar ƙugiya daban, madauki daban. Sauƙin siffar shi ne ya kawo sauƙin injin, sauƙin injin kuma ya sauko da farashi.

Shiga Kasuwa

Duk da haka masu ɗinki ba su karɓe shi nan da nan ba, domin ba su manta da kunyar da C-curity ya jawo ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya buɗe ƙofa. A 1917 aka sayar da kimanin 24,000, yawancinsu domin ɗamarar ajiye kuɗi da sojojin ruwa suke saye, a 1918 kuma rundunar ruwan Amurka ta sa shi a rigunan matuƙa jirgin sama. A 1923 kamfanin B. F. Goodrich ya fito da takalman roba na shiga ruwa masu wannan marufi, ya raɗa musu suna Zipper, daga ƙarar da ake ji in an zuge. Sunan ya bar takalmin ya koma kan marufin, daga nan ya iso bakin Hausawa ya zama zif.

Sai a shekarun 1930 ya shiga tufafi sosai, da farko a kayan yara, sa'an nan a rigunan mata bayan masu tsara sutura a Faransa sun karɓe shi, daga bisani a wandunan maza. A 1937 kamfanin Meadville ya koma amsa sunan Talon. Lewis Walker ya rasu a 1938, bayan ya ga ribar haƙurin shekara fiye da 40, Sundback kuma ya rasu a Meadville ranar 21 ga Yuni, 1954.

A ƙasar Japan, Tadao Yoshida ya kafa kamfani a Tokyo a 1934, wanda daga baya ya zama YKK, haruffan da ake gani a kan zif da yawa. Ƙarfinsa ya fito ne daga ƙera injunansa da kansa da kuma sarrafa kayan aikinsa tun daga narka ƙarfe har saƙar ƙyalle. Daga baya aka fito da zif na roba mai siffar murɗaɗɗiyar waya, wanda ba ya tsatsa, garin Qiaotou na ƙasar Sin kuma ya yi suna wajen ƙera maɓallai da zif masu araha. Har ila yau an ƙera zif mai hana iska fita, irin wanda ke jikin rigunan 'yan sama jannatin da suka sauka a kan wata a 1969.

Darasi ga Masu Ƙira a Yankin Noman Rani

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya jawo injuna iri-iri zuwa Kura da Bunkure da Garun Malam: injin ban ruwa, injin sussuka, injin casar shinkafa. Tare da su aka sami makanikai da masu walda da suke gyara su, suna kwaikwayonsu, wani lokaci suna sake musu fasali domin su dace da bukatar manomi. A Kadawa kuma akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tarihin zif yana da abin da zai faɗa wa waɗannan duka.

Na farko, samfurin da ya yi aiki ranar baje koli bai zama kaya ba tukuna. C-curity yana rufewa lafiya a hannun ɗan talla, sai mai saye ta zauna da shi yake buɗewa. Injin sussuka ma sai ya yi kaka guda a gona, cikin ƙura, a hannun wanda bai ƙera shi ba, kafin a san gaskiyarsa. Na biyu, dole a yi tunanin yadda za a ƙera na ɗari tun ana ƙera na farko. In kowane inji da aka walda ya bambanta da ɗan'uwansa, ba za a sami kayan gyaran da zai shiga duka ba, manomi kuwa ba zai sayi abin da zai tsaya masa tsakiyar girbi ba. Awo da ma'auni da ajiye zane a rubuce su ne maganin wannan. Na uku, in gyara ya yi yawa a wuri ɗaya, ya kamata a binciki tushen tsarin, kamar yadda Sundback ya yi da ƙugiya.

Akwai kuma batun haƙƙi. Dokar rajistar ƙirƙira ta Nijeriya ta 1970 tana bai wa mai ƙirƙira kariya ta shekara 20, hukumar NOTAP kuma, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike wajen yin rajista. Takardar ba ta sa na'ura ta yi aiki, kamar yadda takardun Judson 30 suka nuna, amma ita ce take bai wa mai jari ƙarfin halin zuba kuɗinsa ya jira.

Kammalawa

A taƙaice, zif ya samu ne daga haɗuwar mutum uku da babu wanda zai iya shi kaɗai a cikinsu. Judson ya kawo dabarar kai mai zamewa da ta manne ƙarafa a ƙyalle, Sundback ya kawo ilimin injiniya da ya gyara haƙori ya kuma ƙera injin, Walker ya riƙe kamfanin da kuɗi da haƙuri har abin ya nuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A yankin noman rani na Kano akwai masu dabara a rumfunan walda, akwai injiniyoyi a jami'o'i da kwalejojin fasaha, akwai kuma 'yan kasuwar shinkafa da tumatir masu jari. Ya kamata sassan injiniya na jami'o'i su riƙa tura ɗalibansu su auna injunan da ake ƙerawa a waɗannan garuruwa, su zana su, su gwada su kaka bayan kaka tare da masu su, 'yan kasuwa kuma su yarda su zuba kuɗi a aikin da ribarsa ba ta zuwa a shekara ɗaya.